Kabushin Bisa Rumfa

Laraba, 11 ga Yuni, 2025

Ruwan shuka ya sauka jiya da la'asar. Da safe na tona ƙasar bayan madafi, ɗakin girkinmu, da yatsa, laima ta shiga sosai. Na shuka guro, wato kuɓewa, layi uku daga gindin katanga, sure, wato yakuwa, a bakin makwarara, kabushi, wato kabewa, rami biyu a gindin rumfa. Tonka, barkonon yaji, tana cikin tsohuwar roba, sai ta yi ƙwari in dasa.

Irin duk na bara ne, wanda muka ƙulle a ƙyalle ni da yarinyar da aka kai aure Goronyo, kafin bikinta. Ita ta yi ƙullin. Sai da na sa haƙori.

Wannan ce damina ta farko da nake shuka ni kaɗai. Ina sara rami ina gaba, ina jiran a jefa iri a bayana a take da diddige. Sai da na kai ƙarshen layi na waiwaya. Na koma na bi ramukan da kaina. Layi na biyu ya karkace, ban gyara ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Ba abin da ya fito. Na san lokaci bai yi ba. Na duba dai.

Alhamis, 19 ga Yuni

Guro ya tsiro, kowane da 'yan kunnuwansa biyu. Ina durƙushe ina cire ciyawa Mas'uda maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

"Hassana, ke da ganyenki kuke hira? Yaushe za ki Goronyo ki ga ɗakin ɗiyarki?"

Na ce, "Wace ɗiya? Ɗiyar Husainatu dai."

Ta ce Allah shi shirye ni, ta sauka.

Ban san mi ya sa maganar ta zauna mini ba. Ɗiyata ce ta fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Haka innarmu ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah. Da aka yaye yarinyar, Husainatu, wadda aka haife mu rana ɗaya, ta goya ta sai Rabah. Allah bai ba Husainatu haihuwa ba, kuma kowa ya ce an yi daidai. Ni ma haka na ce. Sai da ta isa shiga sakandare ta dawo Wurno, tana kiran Husainatu Inna, ni kuma Adda, yadda ta ji Husainatu na kirana don tsokana, wai na riga ta fitowa duniya.

Shekarun da ta yi a gidan nan ban tuna mun zauna hira a ɗaki ba. Ƙannenta maza ne, hankalinsu na fadama wurin shinkafa. Bayan madafi namu ne mu biyu. A can ba a kallon juna, ƙasa ake kallo. "Adda, wanga ganye ya yi ja." "Taki yake so." Hirarmu ke nan, kuma a lokacin na ɗauka ta ishe ni.

Na yi makaranta, na san wannan kunyar ba addini ba ce. Sanin bai buɗe mini baki ba. Ko a takardar nan da ba mai gani, hannuna ba ya rubuta sunan.

Juma'a, 27 ga Yuni

Husainatu ta bugo waya bayan an sauko masallaci.

"Adda, kina zaune? To zauna. Zan zama kaka. Ke kuma maƙwabciyar kaka."

Yarinyar na da juna biyu, ya fara girma. Ba abin da ke zama cikinta sai mai tsami. Wai ta ce suren Goronyo ba shi da tsami, kamar an wanke shi. Na ce Allah shi raba lafiya, muryata daidai, kamar labarin ɗiyar wani ake ba ni.

Kafin ta kashe ta ce, "Ni dai na fara tara itacen wanka."

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. A kawo mace da tsohon ciki, ta haihu, a yi mata wankan jego har arba'in, sannan ta koma ɗakinta. To wane gida ne gidan iyaye? Ban tambaya ba. Na fita na tsaya kan sure. Ko tafin hannu bai kai ba.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na dasa tonka. Ban bar ko ɗaya cikin roba ba, har wurin da nake shanya na cinye. In lissafina daidai ne haihuwar za ta zo farkon sanyi, tonka ta nuna ta bushe kafin nan.

Malam maigidana ya dawo daga gyaran injin ban-ruwa, ya tsaya yana wanke baƙin mai a hannu yana kallo. Ya ce, "Kasuwa za ki kai?" Na ce yaji zan daka. Bai tambayi yajin wa ba. Shi ma ɗiyarsa ce ta fari.

Talata, 15 ga Yuli

Tsinkar sure ta farko. Da sanyin safiya, raɓa na jiƙa mini bakin zane. Na tauna ganye ɗaya, har kunnena na ji tsamin. Wannan shi ne sure. Takin awaki ne da ruwan wanke-wanke, ba wani sirri.

Na jera shi dami-dami na ɗaure, na tsinko zogale daga itacen da yarinyar ta dasa shekarar da ta dawo, na cika kwando na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Lauwali mijin Mas'uda yana jan mota zuwa Goronyo. Ya tsaya a zaure.

"Malama, in ce in ji wa?"

Ban shirya wa tambayar ba. Na ji bakina ya ce, "In ji Husainatu."

"Husainatu ta Rabah? Sure daga Wurno, saƙo daga Rabah. To, Allah shi kai mu lahiya."

Mi zai hana in ce in ji Malam? Ko in ce daga gida kawai? Duk yinin nan ina juya abin.

Alhamis, 17 ga Yuli

Husainatu, tana dariya har da tari: yau an yi mata godiyar abin da ba ta shuka ba. "Ni da ko albasa na aje a ɗaki sai ta ruɓe!" Na roƙe ta kar ta tona. Ta ce ba komai, ita ta amshi godiya, ni in jira lada.

An ce yarinyar ta ci tuwo da miyar har ta nemi ƙari. Ya isa.

Asabar, 26 ga Yuli

Guro ya fara. Ɗanye, gajere, ana karya bakinsa yana ƙas. Na goga shi, na sa daddawa da ɗan busasshen kifin da Malam ya kawo daga Lugu, da tuwon gero. Miyar na bin hannu har gwiwa. Samarin gidan suka ci har da lasar kwano, Malam ya ce a aje masa saura na ɗumame. Daga itace zuwa tukunya ko taku goma ba a yi ba. Na kasuwa ba ya yin haka, kowa ya faɗi abin da yake so.

Ganyen guro na ƙaiƙayi. Yarinyar takan sa tsofaffin safar ubanta a hannu in za ta tsinka, ta fito kamar mai dambe, in yi kamar ban gani ba don kar in yi dariya. Yau na ga safar a soke cikin karan rumfa, inda ta bar su. Rana ta cinye launinsu.

Ban sa ba. Hannuna na ta ƙaiƙayi har azahar.

Litinin, 4 ga Agusta

Kabushi ya kama dirka ya hau rumfa, ya rufe ta ruf. Madafi ya yi sanyi. Fure ko'ina, zuma na ta kai da kawo. A ƙasa na ga 'ya'ya huɗu kamar ƙwan zabo.

Kwando na biyu ya tafi: guro, sure, rama. In ji Husainatu. Lauwali bai ma tambaya ba, ya ce, "Saƙon Rabah ya samu?"

Laraba, 13 ga Agusta

Kwaɗon rama da ƙuli, ni da Mas'uda a inuwar rumfa. Ta ce da a ce ita ke da wannan bayan madafi da ta daina gaida masu kayan miya. Na ba ta irin sure. Na san ba za ta shuka ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Ruwa tun asuba har azahar, kamar da bakin ƙwarya. Makwarara ta toshe, ruwa ya kwanta a bayan madafi har idon sawu. Kusurwar katanga ta zube kan guro, layi ɗaya ya tafi. Tun makon jiya nake cewa zan buɗe makwararar. Na ƙudura ma cikin raina, ban yi ba. Kullum haka nake, in tsara abu tsaf in bar wanda ya fi muhimmanci.

Asabar, 23 ga Agusta

Kabushin ƙasa duk sun ruɓe. Na taɓa ɗaya yatsana ya shige.

Na jawo turmi na kife, na hau na leƙa bisa rumfa, ba don ina sa rai ba. Akwai ɗaya. Yana kwance cikin ganye, ya kai kan jariri, kore mai zane-zane, ko tabo babu. Ban san da shi ba sam. Na naɗa masa gammo da tsohon ɗankwali don kar kara ya soke shi.

Malam ya same ni bisa turmi. Ya ce, "In kinka faɗo, mi zan ce ma mutane?" Da la'asar sai ga shi da gwafa, ya tokare rumfar daidai ƙarƙashin kabushin. Ban roƙe shi ba.

Miyar taushe ce abincin yarinyar. Ranar da duk aka fasa kabushi ita ke zama ta tsince 'ya'yan, ta wanke, ta shanya a faifai.

Lahadi, 7 ga Satumba

Baffan mijinta ya zo daga Goronyo wurin Malam. Suna tambaya ina za a kai ta goyon ciki, don su shirya. Malam ya ce masu, wannan maganar mata ce. An tambayi yarinyar, wai ta ce duk inda aka ce.

Husainatu kuwa ta shafe ɗaki, ta sayi babbar tukunyar wanka. Ita ta gaya mini da bakinta, da murna, har tana tambayata ko labulen da ta sa zai yi.

Malam ya ce, "Ke mi kinka ce?"

Na ce, "Mi zan ce? Mai ɗiya ta yi magana."

Ya daɗe yana kallona. "Hassana, tun da na aure ki ban ga kin dasa tonka irin ta bana ba." Ya sa takalmi ya fita.

Ina son ta zo nan. Na rubuta. Ina son in ji motsinta a tsakar gidan nan, in dafa mata da hannuna, in ga jaririn kafin a yi masa aski. Amma da wane baki? Husainatu ce ta yi jinyar ƙyandarta. Husainatu ce ta kai ta makaranta ranar farko. Ni na haifa na miƙa, na koma ina leƙe daga nesa kamar baƙuwa. Yanzu da abin daɗi ya zo sai in miƙa hannu?

Talata, 9 ga Satumba

Na kira ta. A wayata "Goronyo" na sa wa lambar. Na tsaya a bayan madafi don in sami abin faɗi.

"Adda? Lahiya?"

Na ce lafiya lau, ganyen kabushi ne ya yi fari-fari, na manta abin da muke yi masa. Ban manta ba.

"Toka, Adda. Da safe, kan raɓa."

Na ce to. Ina jin numfashinta, ya yi nauyi.

"Zogalena fa?"

"Ya wuce katanga."

"A sare mashi kai, kar shi tahi sama ya bar mu."

Sai ta ce Inna na ta aiko mata da sure da guro. Na ce madalla, Allah shi saka mata. Ta ce amin, suren da tsami, kamar na gida. Na ce ƙasar Rabah mai kyau ce.

Ina son in tambaye ta ko ƙafafunta na kumbura, ko tana barci, ko tana jin tsoro. Ni na ji tsoro a nata cikin, ba wanda na gaya wa. Na ce tukunya na kan wuta. Ba komai kan wuta.

Na sare kan zogalen.

Asabar, 20 ga Satumba

Tonka ta nuna jajir, ta bushe a tabarma. Yau muka daka yajin jego ni da Mas'uda: tonka, citta, masoro, kanumfari, kimba, ƙuli. Atishawa har awaki suka gudu zaure. Ya yi kyau, ja mai duhu, ƙamshinsa ya kama gidan. Na lasa, hawaye suka zo, na ji daɗin samun dalili.

Mas'uda ta ce, "Ke ki shuka, ke ki daka, a ci a gode ma wata. Wannan wace irin sadaka ta?"

Na ce Husainatu ba wata ba ce.

"To ki buɗe baki mana! Mu namu 'ya'yan fari har goya su muke a kasuwa, sama ba ta faɗo ba."

Na cika gwangwani biyu na ba mai zuwa Rabah ya kai wa Husainatu. Can za a buƙace shi. Na yanka sauran guro na shanya, shi ma in ya bushe ya bi.

Laraba, 24 ga Satumba

Na yafa irin albasa a ɗan fangali kusa da randa, na rufe da ciyawa. Lokacin dashe yarinyar ke riƙe igiya ni ina bi. Bana sai in kafa tsinke.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Kabushi ya ƙosa. Igiyarsa ta bushe, fatar ta yi tauri, farce ba ya shiga. Malam ya hau ya yanko shi da guntun hannunsa don ya daɗe, ya miƙo mini. Sai da na rungume shi da hannu biyu. Yana da ɗumin rana.

Na yi ta tunani. In Rabah yarinyar za ta, ba za ta ga rumfar nan ba sai ganye ya ƙone. Gara ta ci shi a ɗakinta. Na sa shi a kwando da gammonsa, da sure da gyaɗa na taushe.

Lauwali a zaure: "In ji Husainatu, ko?"

Na ce, "Ka ce na bisa rumfa ne."

"In ji wa?"

"Ka ce haka dai."

Rumfa ɗaya ta sani. Da motar ta tashi sai da na zauna bakin randa, kamar na yi wani babban abu. Kabushi ne fa kawai.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ya dawo.

Lauwali ya ajiye kwandon a zaure. An ɗauki sure da gyaɗa. Kabushin na nan yadda ya tafi, da gammonsa.

"Ta ce a aje."

Na ce shi ke nan abin da ta ce?

"Ta ɗauka, ta juya shi, ta shafa. Ta daɗe. Sai ta ce in maido, a aje. Malama, ni ɗan saƙo na."

Duk abin da ya je da sunan Husainatu ta karɓa ta ci ta yi godiya. Abu na farko da ya je da alamata, ta maido. Ban ga laifinta ba. Wanda bai taɓa kiran sunanka ba, rana ɗaya ya aiko maka da kabushi.

Na tura shi ƙarƙashin gado.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ban shiga bayan madafi ba yau.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na ba albasa ruwa. Ba laifinta ba ne. Ta fito sirara kamar gashin jariri.

Asabar, 11 ga Oktoba

Da hantsi na ji mota ta tsaya ƙofar gida, ana sauke kaya, da muryar Husainatu tana faɗa da direba kan ya bi mata tukunya a hankali. Na fito. Itace dami-dami, babbar tukunyar wanka, buhun kanwa, labule a naɗe, da gwangwanayen yajina biyu ko buɗe su ba a yi ba.

Na ce, "Lafiya? Wannan fa?"

"Kayan wanka na. Ko ba ki taɓa gani ba? Matsa, Adda, kin tare hanya."

Ta wuce kai tsaye bayan madafi ta zauna kan turmi. Idonta ya kumbura. Ta ga ina kallo ta ce, "Kar ki dame ni. Na yi kukana na gama, a Rabah na baro shi."

Yarinyar ta kira ta ranar da kabushi ya je. Ta ce mata, Inna, ke kinka goye ni, ba ni da kamarki duniya, in kin ce Rabah, Rabah za ni. Amma ina son in zauna bayan madafin nan ko sau ɗaya ba aiki na kai ni ba. Husainatu ta ce kwana biyu ba ta amsa mata ba. Rana ta uku ta sa aka kwance labule.

Na ce ai kabushin ta maido shi.

"To ta cinye shi ita da mijinta su biyu? Ta ce ba ta iya taushenki. A aje ta zo."

Na ce to mi ya hana ta gaya wa Lauwali haka?

Husainatu ta tafa hannu. "Ɗiyar wa ta? Ke kin hwaɗa mashi?"

Wai tun kwandon farko yarinyar ta sani. Ta buɗe ta ga sure a jere, kai ɗaya gindi ɗaya, kowane dami daidai da ɗan'uwansa kamar 'yan makaranta a layi. Ta ce wa mijinta duk ƙasar Sakkwato mutum ɗaya ke jera ganye haka. Ta bugo wa Husainatu godiya ne don kar in ji kunya in daina aikowa. Wata uku ke nan suna yi mini dariya su biyu. "Ƙasar Rabah mai kyau ta, ko?" in ji Husainatu, tana kwaikwayon muryata.

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, Husainatu, ɗakin da kika shafe fa? Ban so in ɗauke miki ba. Wallahi ban so ba.

Ta ce, "Wa ya ce kin ɗauke? Nan zan zauna har arba'in. Ni za ni yi mata wanka, ni za ni riƙe jinjiri. Ke ki ci gaba da noƙe-noƙenki, ki yi muna miya." Sai ta juya ta tsinki ganyen sure ta tauna, ta yamutsa fuska, ta daɗe ba ta juyo ba. Na bar ta. Na kawo mata fura.

Da yamma na jawo kabushin daga ƙarƙashin gado na goge shi.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Mun share ɗakin kusa da madafi. Tagarsa na kallon zogale. Husainatu ta rataya labulenta, ya yi gajere, ta ce tagar ce ta yi tsawo. Ta so ta taya ni ban-ruwa, na ce ta taimake ni ta zauna.

Zogalen ya yi rassa ta ko'ina tun da aka sare shi. Mai zaune ma zai iya tsinka.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Albasa ta kai dashe, sai jibi. Guro ya gama, na bar na gindin katanga ya bushe don iri. Sure ya fara ɗaure kai. A tuna a ɗebo takin awaki kafin a ja fangali.

An iso da yarinyar da azahar, a motar Lauwali. Husainatu ta yi guɗa ta rungume ta tun daga zaure. Ni ina madafi ina gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Ta zo bakin ƙofa ta rusuna iyakar yadda cikin ya bari. "Adda, mun same ku lahiya?" Na ce lafiya lau, ya hanya. Ƙafafun sun kumbura kaɗan. Fuskar ta yi fayau.

Ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya baya. Na ba ta lokaci, sannan na bi da kujera 'yar tsugune, na ajiye mata. Ta zauna. Ta dubi tonka, ta dubi albasa, ta ɗaga kai ta ga safa cikin karan rumfa. Ta ce, "Layi na biyu ya karkace." Na ce ba mai jefa iri. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ni ma ƙasa nake kallo.

Na ɗauko kabushin. Ita ta riƙe, ni na sa wuƙa. Cikinsa ja kamar gwaiduwa, ƙamshi ya tashi. Ta jawo faifai ta fara tsince 'ya'yan ba wanda ya sa ta. Ta ce a raba irin uku bana: na nan, na Goronyo, da na Inna, ko Allah zai sa. Husainatu daga ɗaki ta ce ta ji, kuma Allah ya isa.

Taushe da sure da gyaɗa, da tuwon shinkafa. Gishiri ya ɗan yi kaɗan, ina ga. Malam ya ce bai ji ba. Khairiyya ta cinye ta miƙo kwano a ƙara mata, na ƙara.

Na ga abin da na rubuta a sama. Biro ne, ba ya goguwa.

Gobe da safe toka kan tonka.